Jirgin tukurwa da ya faɗa Mahuta

Jama'a ku matso ku sha labari! Ashe kakana ya taɓa haɗa jirgi marar matuƙi a nan Funtuwa, da hannunsa, jirgin ya hau inda ido ba ya kaiwa, ya yini a sama, ya sauko, amma har gobe babu shedar da za a nuna wa kowa. Kuma ba ɓarawo ne ya kashe aikin ba, mutumin kirki ne.

Bari in koma baya kaɗan. Sunana Sadik, ajin ƙarshe nake a injiniyanci. Satin da ya wuce malaminmu ya amince da aikin kammala karatunmu, ni da abokaina Bash da Chinedu. Chinedu haifaffen Funtuwa ne, Hausarsa ta fi tawa. Ƙaramin jirgi za mu haɗa mai sola a fikafikai, wanda zai daɗe a sama yana auna yanayi. Murna ta kwaso mu sai gida, muka tarar da Kaka Ilu a zaure yana gyaran ƙafar kujera. Ni kuwa na buɗe baki na shiga zuba.

"Tsoho, an wuce zamanin zarto fa. Yanzu jirgi ba matuƙi, a waya za ka yi odar kayan, ka ɗaɗɗaura, shap-shap, kamar dafa taliya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai da ko ƙusa ba ka bugawa sai ka haɗa da yatsanka?"

Bash ya fashe da dariya. Kaka ya ajiye guduma ya ce mu zauna. Allah ya taimake ni na danna rikodin. Daga nan maganarsa ce, yadda ta fito, ban yi mata kwalliya ba.

*

Ni kafinta ne, ban taɓa zama injiniya ba. Wurin Oga Pius na koyi aiki, mutumin ku ne Chinedu, bayan yaƙin basasa ya dawo ya sake buɗe shagonsa kusa da tasha. Na daɗe ina goge katako da samfefa kafin ya yarda in riƙe zarto. Ba ya zagi. In ka ɓata aiki sai ya ɗauka, ya juya shi, ya tsallaka titi ya miƙa ma mai ƙosai ta ƙara a wuta, ya dawo ya ba ka wani katakon. Kana aiki kana jin ƙamshin kuskurenka yana soya ƙosai.

Cikin shekarun saba'in, lokacin da babban aikin gona ya shigo ƙasar nan, kuɗi na yawo, wani mutum ya shigo shago da guntun katako a aljihu. Dokta Yakubu, mutumin Malumfashi, ya yi karatun yanayi a Turai. Ya miƙa mani katakon, na yi zaton ya faɗi, don ban ji komai a tafin hannuna ba. Ya ce wa zai iya yanka mashi wannan siriri kamar ganyen albasa, iri ɗaya, da yawa? Oga Pius ya ce, "Ni ƙofa nake yi, ba kayan wasan yara ba. Ɗauki Ilu, hannun mai kitso gare shi." Haka na bar ƙofa na koma jirgi.

Tambaya ɗaya ce ta dami Dokta. Me ya sa hadari ke haɗuwa baƙi ƙirin a gabas, mata su kwashe shanya, a kora awaki gida, sannan ya watse ba ko ɗigo? Ya ce amsar tana can sama, don iska hawa-hawa ce, wata da zafi, wata da sanyi, wata da laima, wata a bushe. In an san yadda suke sauyawa daga safe zuwa yamma, za a iya ce ma manomi yi shuka ko dakata. Balan-balan tana hawa, amma da ta kai ƙarshe sai ta fashe ta yar da kaya. Jirgin mutane tsada, kuma ba matuƙin da zai yini yana kewaya wuri ɗaya saboda dawar wani. Shi ne ya ce a yi jirgi ba inji, ba matuƙi. Balan-balan ta ɗauke shi, agogo ya yanke igiya, shi kuma ya buɗe fikafikai ya riƙa kewayawa kamar ungulu, yana saukowa a hankali yana aunawa. Duk wahalar a kan abu ɗaya take: ya daɗe bai sauko ba.

Aikin farko da aka ba ni haƙarƙarin fiffike ne. Fiffike ɗaya ya fi ni tsawo, kuma cikinsa jere yake da 'yan katakai masu lanƙwasa, su ne haƙarƙarin. Da reza ake yankawa, ba zarto ba. Kowane ɗaya sai an ɗora shi kan sikelin masu zinari. In na dama ya fi na hagu nauyi ko da na ƙwayar gero biyu uku ne, jirgin zai karkace ya sauko da ka. Ka yanka, ka goge, ka auna, ka sake gogewa. In ka goge ya wuce, ka yar. Da damina gam ba ya bushewa, da rani katakon ya tsage. Bayan nan a lulluɓe da yadi siriri, a shafa wani ruwa mai warin tsiya, yadin ya ɗame kamar fatar kalangu. Warin nan ya shiga kaina ya zauna. Kakarku har cewa take in ci tuwona a waje, ina ɓata mata miya.

Kai Bashir, dariyar me kake? To ai abin da mutanen gari suka yi ke nan. In na wuce majalisa sai a ce, "Ga Ilu mai jirgin kara, yaushe za ka kai mu Makka?" Abokan da muka koyi aiki tare sun samu kwangilar kujerun makaranta suna sayen babur, ni ina fiƙe tsinke.

Cika balan-balan kuwa, wannan aiki ne da ake yi da alwala. Ba sayo iskar ake ba, dafa ta ake. Tukunyar ƙarfe ce doguwa, a zuba soda da ruwa da wasu gutsattsarin ƙarfe, a ɗaure baki, ta ɗau zafi har ba ta taɓuwa. Iskar da ke fita in ta ga wuta, shi ke nan. Wani abokin aikinmu ya manta da guntun taba mai sauran wuta a bayan kunne, bai mutu ba, amma girarsa ba ta sake fitowa ba har ya yi ritaya. Tun daga ranar, Dokta da kansa ke laluben aljihun kowa a bakin ƙofa.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan labarin yake. A hancin jirgin akwai ɗan akwati. A cikin akwatin akwai gwangwani kamar na madara, an naɗe shi da farin ƙarfe siriri, irin na cikin kwalin taba. Kafin a tashi jirgi, sai in kunna fitilar ƙwai, in cire ƙwan, in ɗaga lagwani ta yi hayaƙi, in riƙa juya gwangwanin a kai har ya yi baƙi sumul, ba tabo. Agogo ne ke juya shi a hankali cikin jirgi, allurai kuma suna jingine da shi. In jirgin ya hau, allura ta hau. In sanyi ya ƙaru, wata ta motsa. Suna kankare hayaƙin suna barin farin layi siriri kamar gashi. Tawada ba ta aiki a can, daskarewa take. Wannan layin shi ne duka aikin. Nisan da jirgin ya kai, daɗewar da ya yi, abin da ya gani, duk a jikin hayaƙin nan suke. In an dawo da shi sai a tsoma a wani ruwa ya kama. Kafin a tsoma, ko numfashi mai ƙarfi ba ka yi kusa da shi. Yatsa ɗaya ya isa ya share aikin wata guda.

*

Sadik ne, na ɗan tsoma baki. A nan Chinedu ya kasa haƙuri ya ce, "Baba, to in ya sauko yaya kuke gano shi? Babu na'urar bin sawu?"

Kaka ya ce, "Akwai mana. Babur ɗin ofis da bakina."

Mun yi dariya, shi bai yi ba. Ya kurɓi ruwa ya ci gaba.

*

Ku kuna ce masu ba da kuɗi su ne kwastoma. A'a. Kwastoman mai jirgi shi ne mutumin da abin ya faɗa gonarsa. Akwai 'yar rediyo a jiki da ke ƙara tit, tit, muna saurare daga fili, amma gefen da ya bi kawai take nunawa, kuma batir ba ya jure sanyin can sama. Saura sai tambaya. A jikin fiffike muna manna takarda da boko da ajami, cewa wanda ya tsinta kada ya buɗe akwati, ya aiko Funtuwa, akwai tukwici. In ka isa gari ba ka faɗa gona kai tsaye. Ka nemi mai unguwa, ka cire takalmi, ka gaida shi, ka ajiye goro, ka ji labarin ciwon ƙafarsa, sannan a aika a kira mai gona.

Akwai wanda ya sauka kan rumbu wajen Musawa. Kafin in isa, wata tsohuwa ta yi mashi turaren aljanu, yara sun yage yadin. Akwai wanda ya firgita jakin wani, jakin ya zubar da mangala ya shiga daji. Mutumin ya ce shi ba ruwansa da tukwici, jakinsa yake so. Yini na yi ina neman jaki a kan babur ɗin gwamnati. Wani ya faɗa dam, wani shanu suka tattake, wani kuma tun kafin ya ɓace mana da gani fiffike ya ɓalle, muna tsaye muna kallo yana juyowa kamar ganye. Wata guda kana fiƙa, kafin a sha kofin shayi ya zama makamashi. Ka kwashe gutsattsarin a buhu, ka koma, ka ɗauki reza. Shekaru muka yi a haka. Kowane sabo yana ɗan fin na baya daɗewa, amma ba wanda ya kai azahar a sama.

Sai shekarar nan ta fari ta zo, farkon shekarun tamanin. Ruwa ya sauka kaɗan, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta murɗe. Ga gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an hana shigo da kaya. Katakon nan marar nauyi ya ƙare, yadin ya ƙare, gam ɗin Turai ya ƙare. Mutanen da da suke mamu dariya suka daina dariya. Aka fara cewa mu ne ke huda hadari. Wata Juma'a na tsaya a sahu, mutumin da ke gefena ya dube ni ya matsa.

Cikin wannan hali masu ba da kuɗin aikin suka aiko daga ƙasarsu. Suka ce bayan damina za su zo. In Dokta ya nuna masu gwangwani mai layin da ke cewa jirgi ya kai nisan da ya yi alkawari kuma ya yini a sama, za a ci gaba. In babu, a rufe. Balan-balan babba guda ɗaya ta rage a sito. Tashi ɗaya ke nan. Kuma duk wanda ke wurin, daga mai dafa iska har mai gadi, da iyali a bayansa, ga hatsi ya yi tsada.

Ni da Dokta muka zauna muna gwada itatuwa. Rimi ya yi gautsi. Kara ba ya ɗaukar gam. Muka tsaya kan tukurwa, wadda ake gado da ƙofa da ita. Cikinta ba nauyi, shi muka yi haƙarƙari da shi, bayanta mai tauri muka tsaga muka yi ƙashin fiffike. Shi ke lissafi, ni ke yanka, mu gwada, ya karye, mu sake. Gam kuwa na fata muka koma dafawa, irin na Oga Pius. Yadi wurin Mama Titi muka samu, wata Bayarabiya mai bin kasuwanni da kayan ɗinki. Shuɗi ne, siriri, irin wanda tela ke sa ma riga a ciki. Ta ce, "Ilu, amarya za ka yi?" Na ce tsuntsu zan ɗinka ma riga. Ta ce, "Ku da aikinku sai Allah."

Ranar tashi, da hantsi, sama fes ba ko gajimare. Na yi ma gwangwanin hayaƙi, bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Na sa shi, na rufe akwati, na manna takarda da gam ɗinmu na fata. Aka saki igiya. Ya tafi yana ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙuda, ya ɓace. Muka zauna gindin ɗorawa muna sauraren rediyo. Tit, tit. Aka yi azahar, tana yi. Ba wanda ya ci abinci. Aka yi la'asar, tana yi. Dokta ya riƙe kai da hannu biyu. Sai da rana ta yi ja sannan ƙarar ta yi ƙasa ta ɗauke, ta yamma da mu. Mai gadi ya yi kabbara. Mun san ya yini. Amma kunnenmu ba sheda ba ne wurin masu kuɗi. Gwangwani suke so.

Washegari na hau babur. Na bi Dandume, na bi ƙauyuka, na gaida masu unguwa har goron ofis ya ƙare na koma saye da aljihuna. Ba wanda ya aiko. Wasu wuraren ma da na faɗi abin da nake nema sai fuska ta canja, a ce in sha ruwa in wuce. Sati ya bi sati. Dokta ya rame, wuyan rigarsa ya yi mashi yawa.

Wata rana ina wurin aikin jirgi ina share ƙurar tukurwa sai ga Mama Titi da ƙunshinta a ka. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Ilu, ana cigiyar yadina a Mahuta."

Na ce, "Wane yadi?"

"Wane yadi! Na tsuntsunka mana. Ina zaune a kasuwa mai shela ya wuce yana cewa an tsinci wani tsuntsun katako mai shuɗiyar riga, mai shi ya zo ya faɗi kamanninsa. An ce duk ran kasuwa ake yi, duk Juma'a kuma a masallaci. Ku kuna nan kuna barci."

Ashe sanyin sama ya ɓamɓare takardar. Gam ɗin fata bai riƙe ba. Wanda ya tsinta bai san na wa ne ba, sai ya bi abin da addini ya ce a yi da tsintuwa.

Ni da Dokta muka ɗauki a-kori-kura. Mai unguwa ya haɗa mu da wanda ya kai mu gidan Malam Mati, wani dattijo siriri, gonarsa a bayan gida, dawar duk ta bushe a tsaye. Muka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Bai motsa ba.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, ba ƙaryata ku nake ba. Amma mutum uku sun zo kafin ku. Ku faɗi kamanninsa."

Na ce fiffiken hagu akwai faci kusa da ƙarshe, da farin zare, don shuɗin ya ƙare mani. Wutsiyarsa kuma a karkace take kaɗan, da gangan.

Ya yi murmushi. "Kai ne maɗinkin. Ku shigo."

Ɗakin kwanansa ya kai mu. Jirgin na rataye a azara da igiyar rama, an lulluɓe shi da babbar rigarsa ta Juma'a. Ƙasa an zagaye da toka saboda gara. Gadonsa ba ya ciki, ashe tun ranar da ya tsinta ya koma kwana a zaure, don fikafikan sun cika ɗakin. Ɗansa ya gaya mamu cewa mutane sun taru sun ce a ƙone shi, shi ke korar ruwa. Malam Mati ya zauna bakin ƙofa ya ce amana ce, sai dai a ƙone shi tare. Wani mai gyaran rediyo ya zo zai sayi agogon ciki, a shekarar da ake auna tsaba da gwangwani, Malam Mati ya ce ba nashi ba ne.

Na ɗaga rigar. Fikafikai lafiya lau. Hancin ne kawai ya fashe, murfin akwati na lilo. Na leƙa. Ga agogo, ga allurai. Ba gwangwani.

Dokta ya ce, "Baba, akwai wani abu a cikin nan, kamar gwangwanin madara."

"Af! Yana nan, yana nan. Shi daban na ajiye." Ya ɗaga murya. "Kulu! Kawo ajiyar baƙin nan."

Maiɗakinsa ta miƙo ƙwarya rufe da faifai ta bayan ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa, ya buɗe. Gwangwanin na kwance cikin auduga. Fari tas, yana ƙyalli.

Ya ce, "Kututture ya buga da ya sauko, wannan ya faɗo gefe. Na same shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, halama wuta ta taɓa shi a hanya. Na ce ko tukunyar aro ba a mayarwa da dauɗa, balle kayan da ya zo daga sama. Kulu ta sa toka da soso. Da farko bai fita duka ba, akwai wasu 'yan layuka, sai da ta sake. Duba, har fuskarka kana gani."

Dokta ya ɗauka, ya fita tsakar gida, ya ɗaga ma rana, yana juyawa a hankali ko allura ta bar sawu a jikin ƙarfen. Sawun soso ne ko'ina. Ya daɗe yana juyawa. Malam Mati na tsaye yana kallonsa, murmushin ya fara raguwa.

"Ko an yi ɓarna, Likita?"

Dokta ya sauke hannu. Ya ce, "Ya wanku, Baba. Allah ya saka da alheri. A gaida mai wankin."

Ya ciro tukwici, Malam Mati ya ja da baya kamar an miƙa mashi garwashi. Ya ce shi bai yi don wannan ba. Aka kawo fura, ruwa-ruwa, kana ganin gindin ƙwarya, kuma ka san daga bakin yara aka ɗauko. Ba halin ƙi. Muka sha. Shi da ɗansa suka taya mu ɗora jirgin a mota, yana ta cewa a yi hankali da facin nan. Da Dokta ya tada mota sai Malam Mati ya matso taga.

"Likita, in tambaye ka. An ce tsuntsun nan naku sama yake zuwa neman labarin ruwa. To ya gano inda ya tsaya?"

Dokta ya ce, "Ya je ya gani, Baba. Bai dai samu faɗa mamu ba."

"To, Allah ya sa wani karon."

"Amin."

Ni a baya na zauna ina riƙe da fiffike. Har Funtuwa magana ɗaya Dokta ya yi, ya leƙo ya ce in riƙe da kyau kada iska ta karya.

Masu kuɗi sun zo bayan damina. Sun shafa tukurwar, sun ɗauki hoto, sun ce abin sha'awa. Dokta ya faɗa masu yadda muka ji rediyo har yamma, suka gyaɗa kai. Ɗayansu ya riƙe gwangwanin ya tambaya ko sabo ne. Kafin sanyi ya shigo aka sa kwaɗo a ƙofa. Dokta ya tafi koyarwa. Mai dafa iska ya koma ƙauye. Ni na koma wurin Oga Pius, ya dube ni ya ce, "Ka sauko?" Ya miƙo mani zarto. Sai da na yi wata kafin hannuna ya sake sabawa da katako mai nauyi. Ƙofa, benci, allon makaranta, makara. Shi ke nan aikin jirgi.

*

Sadik ne kuma. Bash ne ya yi ƙarfin hali.

"Baba, amma gaskiya tsohon nan ya cuce ku."

Kaka ya ɗauki gudumarsa. "Wa? Malam Mati? Ɗan nan, da ɓarawo ne ya tsinta, agogo zai cire ya yar da gwangwanin da baƙinsa, mu je mu ɗauka. Allah bai ba mu ɓarawo ba. Ku tashi, an kira salla."

To mutanena, namu jirgin ƙarshen damina za mu gwada shi, in Allah ya yarda, kuma iska yamma take kai kaya har yanzu. Don Allah ku tura wannan gaba, musamman 'yan Dandume da Mahuta da Malumfashi da Musawa, ku karanta wa iyayenmu da ba sa riƙe waya. Wanda ya ga wani abu ya sauka gonarsa, ya adana mana shi yadda ya same shi, da ƙurarsa da komai. Ku tura.